Daren da Marainiya Ba Ta Zama Zabuwa Ba

Gidan da na yi wayo a cikinsa gidan haya ne a bayan masana'antun Sharaɗa, ɗaki shida, iyali uku, rijiya ɗaya. Ba mu da agogo, kuma ba mu taɓa jin rashinsa ba, don jiniyar kamfani ce ke raba mana yini. In ta yi kuka da sassafe maza su fita, in ta sake yi da rana wasu su dawo wasu su tafi. A ƙofar gidan akwai wata kwata da ta biyo daga wajen masaƙu, wadda ruwanta ba ya kwana da launi ɗaya: yau ja, gobe kore, jibi wani shuɗi mai wari. Mu yara tun daga shimfiɗa muke musu a kan launin da za ta wayi gari da shi.

Babanmu a sashen rini yake aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Hannunsa bai taɓa fita tas ba. Ko ranar Juma'a ya ɗaga hannu yana addu'a, sai ka ga launin atamfar wannan makon a gindin farcensa. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ta dawo wurinmu daga wani ƙauye a ƙasar Kura bayan rasuwar kakanmu, wanda shi ma marini ne, amma na karofi, mai aiki da baba da toka. Iya takan ce, "Uban ya yi rini da rami, ɗan yana yi da inji. Ni dai Allah bai nufe ni da ganin namiji mai farin hannu ba."

Umma tana da risho, amma Iya ta ce tuwon risho kananzir yake yi mata a baki. Sai ta kafa duwatsu uku a lungun tsakar gida, kusa da ɗakinta, Baba kuma ya riƙa ɗauro mata guntayen katakon da ake zubarwa a bayan kamfani a kan kekensa. In an idar da magariba an ci tuwo, ba ta kashe wutar. Ta tura rogo ko dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabtan ɗaki. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Ita cewa take, "Ga wata nan tafe, ba ta da takalmi." Mu amsa, "Ta shigo, gidanmu ba ƙaya." In ta gama ta ce, "Ta sauka, wanda ya tsinta nasa ne," sannan ta tono rogon ta raba.

Akwai abu guda da ya kamata in faɗa a kanta. Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama su yi magana ido da ido. In tana son a gyara mata rufin ɗaki, kaza take gaya wa: "Ke kam kin huta, akurkinki ba ya yoyo." Washegari sai mu ga Baba a kan tsani.

A shekarar da nake aji huɗu, farkon shekarun tamanin, aka sa ranar auren yayarmu Saude. Ta girme ni da shekara tara, ta iya ɗinki, kekenta ne ke tashinmu ranar da ba makaranta. Wanda take so sunansa Isuhu, lebura ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Dogo ne, mai ƙarancin magana, Hausarsa ta mutanen Damagaram ce, mu yi ta kwaikwayonsa in ya tafi. Saude ta taɓa gaya mini sau biyu yake wanka kafin ya zo zance, don kada ta ji warin fata. Da lokacin neman aure ya yi, ya zo da dattawa biyu, ya ce ɗaya ƙanen mahaifinsa ne, ɗaya kuma kawunsa, Malam Bawa. Aka zauna a soro da liman da maƙwabta, Baba ya ce ya ba shi.

Daga nan hirar gidanmu ta koma ta zane. Saude ta je wani biki a Hotoro ta ga amarya cikin farin leshi tun daga sama har ƙasa, ta dawo ta ce ita ma shi za ta sa. Wata yamma tana faɗa wa ƙawarta haka a bakin murhu, Iya na jin su.

"Fari kawai?" in ji Iya. "To wa zai san ke 'yar mutane ce?"

"Iya, a jikin zane ake rubuta dangi?"

"A jikinsa mana. Ku dai ba ku iya karatun ba."

Ta gyara zama ta ba mu labari. Ta ce ba ta ce ko'ina haka ake yi ba, amma a garinsu tun yarinya tana 'yar ficiciya uwarta ke fara tara mata zare. Gwaggo ta kaɗa nata, inna ta kaɗa nata, a haɗa a kai wa masaƙi. In zane ya fito fari sai a nufi karofi. Ta ce tsomawa ɗaya ba ta ba da baƙi, wani shuɗi ne fayau kamar sararin sama bayan ruwa. Sai an tsoma an shanya, an sake tsomawa an sake shanyawa. To, a al'adarsu kowane gida na dangi shi ke ɗaukar nauyin tsomawa guda. Baffa ya kai ya karɓo, ya miƙa wa kawu, kawu ya miƙa wa wan uba na ƙauyen gaba, haka zanen zai yi ta yawo wata da watanni. In ya yi baƙi wuluk sai a kai wa masu bugu su buga shi da shuni har ya riƙa ƙyalli kamar bayan hankaka. A gefensa akwai ratsin jan alharini, shi ne barage, wannan uwa ce kaɗai ke sa shi. Farin zane kuma yana nan, amma a ciki yake, ba mai ganinsa sai mai shi. Sai murjani a wuya, jigida a ƙugu, munduwa a hannu, lalle har gwiwar hannu.

"In ta ɗaura," in ji Iya, "shunin ya kama mata fata. Kwana bakwai tana amarci jikinta na shuɗi-shuɗi, duk bangon da ta jingina ya san ta zo. Dangin miji kuwa ba fuska suke fara kallo ba, ai a lulluɓe take. Zanen suke kallo. In baƙi ne ƙirin, sun san hannu da yawa sun taɓa shi. Wannan in ka mare ta, gari guda ka mara."

Saude ta yi dariya. "Yanzu ai injin su Baba kafin ki tauna goro ya yi miki baƙin."

"Shi ya sa ba ya faɗin komai."

Na tambaye ta ina nata zanen. Ta ce ta goya 'ya'ya bakwai da shi, ya zama tsumma, tsumman ma ya ƙare a goge tukunya. Ba ta faɗe shi da baƙin ciki ba. A wurinta zane ya gama aikinsa ke nan.

A wannan yammacin ne ta yi mana tatsuniyar Marainiya, wadda mun riga mun ji sau biyu ko uku, amma ba ma gajiya da ita. Ga yadda take. Wata yarinya ce ba uwa ba uba, ba dangi ko na rantsuwa, tana zaune a bukkar gefen gari. Wani manomi daga hayin kogi ya gan ta a rijiya, ya so ta, ta so shi. Ita kaɗai ta kaɗa zarenta, wani masaƙi ya saƙa mata don Allah, wani marini ya tsoma mata sau ɗaya don Allah. Zane ya fito shuɗi fayau. Ta dube shi ta san duk wanda ya gani zai karanta cewa ba ta da kowa. Sai ta bi gida-gida tana cewa a ba ta tukwane ta wanke. Ta kankare baƙin tukwanen unguwa kaf, ta kwaɓa da man kaɗanya, ta shafe zanen ciki da waje. Ya yi baƙi, ya yi ƙyalli, ko 'yar sarkin marina ba ta fi shi ba.

Ranar kai amarya, suna haye kogi hadari ya taso. Kafin su isa ƙofar gidan miji ruwa ya sauko. Baƙin ya fara bin ƙafafunta, zanen ya yi ɗigo-ɗigo, nan baƙi nan fari. Dangin miji da ke tsaye a ƙofa suka gani, suka kwashe da dariya. Yarinya ta fizge ta yi daji, ta shige ƙarƙashin ƙaya ta duƙa, a nan ta rikiɗe ta zama zabuwa. Iya ta ce shi ya sa har yau jikin zabuwa ɗigo-ɗigo ne, shi ya sa ko ka kiwata ta a gida hankalinta na daji, in kuma ka kasa kunne ga kukanta, "ba kowa, ba kowa" take cewa. Sai ta tambaye mu me muka tsinta, mu haɗa baki mu ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta ce madalla, ta raba rogo.

Saura mako biyar biki, Baba ya hau kekensa ya je Bompai duba wani abokinsa da ke aiki a wani sito. A bakin ƙofar siton ya tarar da Malam Bawa, kawun Isuhu, sanye da kayan gadi. Baba ya sauka ya gaishe shi gaisuwar surukai, ya tambaye shi mutanen Damagaram. Tsohon ya ja shi gefe. Ya ce shi mutumin Gaya ne, ko hanyar Damagaram bai sani ba. Ya ce bai haɗa komai da yaron ba sai masallacin da suke salla a Panshekara, ɗayan dattijon ma haka. Yaron ne ya roƙe su, su kuma suka ga yaron kirki ne. Ya ce tun ranar abin yake ci masa rai, gara da Allah ya kawo shi.

Baba ya dawo bai ci abinci ba. Ɗakinmu labule ne kawai ya raba shi da nasu, saboda haka na ji abin da ya gaya wa Umma. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi tsorata ni.

"A gaban liman ya zaunar da ni, ya sa na durƙusa wa baƙi ina kiransu surukai. Wanda ya shigo mini gida da wannan, me zai shigo da shi gobe? Ranar Lahadi a haɗa kayan neman auren da suka kawo a mayar."

Umma ta ce, "To." Saude 'yar farinta ce, bakinta ba zai buɗe ta roƙa mata miji ba.

Keken ɗinkin Saude ya yi shiru. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma yi musu ba, don ita ma ba ta san da ƙaryar ba, abin ya soke ta ta fuska biyu. Ta dai zauna a ɗaki tana warware wata rigar da ta riga ta ɗinka. Isuhu ya zo ya tsaya a bakin kwata tun la'asar har aka kira magariba, Baba bai fita ba. Iya kuwa kwana biyu ba ta ce uffan ba, ko ga kaza. Ba ta yi mana tatsuniya ba, ta ce haƙorinta ke ciwo, alhali haƙoran da suka rage mata ba su kai a yi musu ciwo ba.

A rana ta uku, makon nan Baba aikin dare yake yi. Bayan isha ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki yana cin tuwo, ya riga ya ɗaure ƙafar wandonsa saboda keke. Bisa al'ada Iya ba ta fara tatsuniya sai ya fita ko ya shige ɗaki. Ranar sai ta tura itace cikin wuta, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan tafe, ba ta da takalmi."

Muka rugo. Ta ɗauko Marainiya tun daga farko, ba ta tsallake komai ba: bukka, rijiya, tsomawa ɗaya, tukwanen unguwa, kogi, hadari. Muna biye da ita har ƙofar gidan miji, baƙi na bin ƙafafun amarya, mutane na dariya. Na riga na shirya bakina zan yi kukan zabuwa.

Sai Iya ta ce, "Ta juya za ta gudu ke nan, sai ta ji an riƙe mata hannu. Wata tsohuwa ce, kakar angon, ba ta gani sosai amma riƙonta da ƙarfi. Ta ce, 'Tsaya. Mutum nawa suka tsoma miki?' Yarinya ta ce, 'Ɗaya.' 'Sauran fa?' 'Baƙin tukunya ne.' 'Tukunya nawa?' 'Na unguwa duka.' Tsohuwa ta juya wajen masu dariya ta ce, 'Kun ji. Tukwanen unguwa guda ta kankare don ta iya tsayawa a ƙofarmu. Ku tambayi kanku wace irin ƙofa gare mu.'"

Ban iya haƙuri ba. "Iya, ba haka take ba. Zabuwa ta zama."

"Ran nan ta zama, don ba a sami mai riƙe hannunta ba. Yau an samu."

"To zabuwa fa, ina ta samo ɗigonta?"

"Ki je ki tambayi zabuwa. Ki bar ni in ƙarasa."

Ta ci gaba. Ta ce tsohuwar ba ta ce yarinya ta kyauta ba. Kwarya ta sa aka kawo da ruwa da sabulun salo, ta ce, "Ƙarya kika yi mana, kuma da hannunki za ki wanke ta, a nan, kowa na gani." Yarinya ta durƙusa cikin ruwan sama ta wanke zanen har ya koma shuɗinsa fayau. Ba wanda ya sake dariya. Washegari tsohuwa ta dogara sanda ta kai zanen karofi da kanta aka tsoma. Ta karɓo ta miƙa wa babban ɗanta, shi ya miƙa wa ƙanensa, ƙanen ya miƙa wa gidan da suka fi kowa dariya. Kafin lokacin girbi ya zo, babu zane mai baƙin wannan a duk hayin kogin.

"Ta sauka," in ji Iya, idonta a kan wuta. "Wanda ya tsinta nasa ne."

Ba ta tambaye mu me muka tsinta ba. Na waiga na ga Baba ya tsame hannu daga kwano, tuwon ko rabi bai ci ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki kekensa, ya fita. Lahadi ta zo ta wuce ba a haɗa kaya ba, ba a kuma ce an fasa mayarwa ba. Sai ranar Talata da ya dawo aiki da safe ya aika a kira masa Isuhu.

Abin da aka yi a soron, Isuhu da bakinsa ya gaya mini bayan na girma. Ya ce Baba bai ba shi wurin zama ba, ya ce masa kawai, "Ina mutanenka?" Shi kuma ya faɗa. Ƙauyensu yana arewa da Damagaram. A farin da aka yi farkon shekarun saba'in dabbobinsu suka ƙare, mahaifinsa ya rasu, suka taso da ƙafa, mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba su iso ba. Wansa ya nufi wani wajen neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya koma ƙauyen sau ɗaya, ya tarar da kufai. Ya ce ya taɓa neman wata yarinya a wata unguwa, ya je shi kaɗai ya faɗi gaskiya, aka ba shi ruwa ya sha aka ce ya gaida gida.

Baba ya ce, "Da ka zo mini kai kaɗai ka faɗi wannan, kana jin da na ba ka?"

Isuhu ya ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba. Wataƙila da ruwan zan ba ka. Amma a gaban mutane ka yi, a gaban mutane za ka warware."

Haka aka yi. Bayan la'asar a ƙofar masallacin unguwa, gaban liman da duk waɗanda suka shaida neman auren, Isuhu ya miƙe ya faɗi abin da ya yi, ya nemi gafara. Ya ce mini bai taɓa jin nauyi irin na ranar ba, ya gwammace ya ɗauki jiƙaƙƙiyar fata daga Challawa zuwa Sharaɗa a ka. Liman ya yi masa faɗa, sannan ya juya ya yi wa jama'a nasu, ya ce babu inda addini ya ce sai mai baffa zai yi aure. Malam Bawa ma ya zo, ba wanda ya kira shi. Ya ce shi ma yana da laifi, in kuma ana yarda, kawuntakar nan da ya yi ta aro yana so ya riƙe ta da gaske. Ya riƙe ta kuwa har ya rasu, sunansa aka sa wa ɗan Saude na biyu.

An ɗaga bikin da wata guda. Matan maƙwabtan ɗakinmu suka ce su ne gwaggonnin ango, suka ɗauki lefe daga Panshekara suka kawo gidan da suke kwana a ciki, har da tsayawa a ƙofa suna sallama kamar baƙi. Ranar kai amarya aka nemi Iya aka rasa. Ashe tun hantsi ta sa aka hau da ita motar haya. Da muka isa ɗakin Isuhu muka same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta ce ita dangin ango ce, ita za ta karɓi amarya. Saude cikin farin leshinta take, kamar yadda ta so. Iya ta ɗaga mayafin, ta dube ta sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinta.

"Fari ne dai," ta ce. "Ba laifi. Mutanen ga su nan a tsaye, ba sai zane ya faɗa ba."

Ba zan ce komai ya wuce a ranar ba. Baba ya yi shekaru yana amsa gaisuwar Isuhu a taƙaice. Sai da masaƙarsu ta fara sallamar ma'aikata, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya ga wanda ke zuwa kullum bayan tashi daga aiki ya zauna a gefensa, sannan ya sake da shi. Iya ba ta ga wannan ba, ta riga ta rasu. Tsakanin bikin da rasuwarta mun roƙe ta Marainiya sau da yawa, ba ta sake yi ba, ko mai zabuwar ko ɗayar.

Na yi shekaru ina ɗauka darasin daren nan na Baba ne, cewa babba ya yi afuwa. Sai da ɗana Mustafa ya zo mini da maganar wata yarinya da suke aiki tare a asibiti. Kafin ya gama faɗin sunanta na ji bakina ya ce, "'Yar gidan wa ce?" Ya sunkuyar da kai. Rikicin arewa maso gabas ne ya watsa garinsu tana ƙarama, a hannun mutane ta tashi, gida uku kafin ta gama makaranta. Na ce masa zan yi tunani. Mako guda na yi ina nemo dalilai masu kyawun faɗa: ba a san halin gidansu ba, in an sami saɓani wa za a kira, 'ya'yansu wa za su kira kawu. Duk dalilan gaskiya ne, shi ya sa suke da daɗin riƙewa.

A cikin makon ne na gane cewa duk tsawon rayuwata, in na tuna tatsuniyar, a wurin yarinyar nake zama. Wani lokaci a wurin tsohuwar, in ina jin kaina. Ban taɓa zama cikin masu tsayuwa a ƙofa ba, alhali su ne suka fi yawa, kuma ba mugaye ba ne. Mutane ne masu dangi, da suka saba karanta zane, suka ga abin da bai yi kama da nasu ba. Na kuma gane abin da Iya ta yi ya fi dabarar magana da ɗan fari. Tatsuniyar da ta gada, ta yi shekaru tana ba yara suna amsa mata da karin magana, ita ta duba ta ga ƙarshenta ya yi tsauri da aka ɗora shi a kan mutum mai rai, ta canza shi a gabanmu, ba ta ji kunyar jikarta ta kama ta ba.

Na ce wa Mustafa ya kawo ta. Da aka sa rana, ita da kanta ta same ni a ɗaki, ta durƙusa ta ce ba ta san me ake sawa ranar kamu ba, ba ta da wadda za ta tambaya. Na ɗauki mayafina muka tafi Kantin Kwari. Muka yi ta ratsa rumfuna, atamfofi har rufi, kusan duk daga waje, don masaƙun da suka ci ƙarfin Baba yawancinsu sun zama kango. Ta tsaya a kan wani ruwan ɗorawa mai haske, launin da ban taɓa so ba. Na haɗiye ra'ayina na ce a sauko da shi.

Mai rumfar yana ninkewa ya dube mu ya ce, "Hajiya, 'yarki ce za ta yi aure?"

Na ce masa eh, 'yata ce. Amma kafin in faɗa na yi jinkiri na numfashi guda, kuma ta ji shi, don na ga ta sauke ido ƙasa. Yau shekararta shida a gidanmu, ta haifa mini jikoki biyu, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ce ban manta ba. In abin ya dame ni nakan ce wa kaina Iya ma sai da ta kwana biyu. Sannan in tuna ita ba a gaban yarinyar ta yi nata jinkirin ba.